Aikin da Aka Ba Abba a Maraɗi

Juma'a: Jibiya

Tun ba a kira assalatu ba na farka, ba don barci ya ishe ni ba, sai don ƙarar sarƙar keke da nake ji a tsakar gida. Abba ne, ɗana na fari, yake juya feda da hannu yana ɗiga mai, sai ka ce keken bai sha mai jiya ba. Sunan mahaifina gare shi, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekararsa goma sha tara, kuma tun da ya iya taka keke ba na ganinsa a gida sai lokacin tuwo. Da fari gonarmu ta Mazanya yake zuwa ya dawo, daga baya ya koma zagaya ƙauyukan da ke kusa, har wata ƙungiyar 'yan tseren keke ta Katsina ta ɗauke shi. Ni malamin firamare ne. Abin da na sani game da keke shi ne a hau a je, a hau a dawo. Amma mutum ya yi ta gudu ba wanda ya koro shi, wannan kam ban taɓa gane masa ba.

Ga dalilin tafiyar. Wani Bature ɗan Sifaniya, daraktan wata ƙungiyar tseren keke a ƙasarsu, ya sauka a Maraɗi yana neman samarin da zai tafi da su horo. Ya ga Abba a wani bidiyo na waya, ya ce a kawo shi gwaji. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya ɗaukar ɗan kowa sai uban ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda. Abba ma ya ce ko Baturen bai faɗa ba, shi ba ya zuwa ko'ina sai da albarkata. Wato makomar yaro tana bakina, ni da ban san kan abin ba balle gindinsa.

Uwarsa Hajara ta rako mu zaure da ƙunshin dambun nama. Ta ce, “Malam, in sun ce za su ɗauke shi, ka tambaya ka ji wane aiki za a ba shi. Kada ka dawo ka ce mini ba ka gane ba.”

Na ce, “Ni da ke koyar da ɗiyan mutane?”

Ta ce, “To.”

Wannan “to” ɗin da ta yi bai bar kunnena ba har Maraɗi.

A tasha muka sami motar Ɗanliti, direban da ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Ya zagaya keken yana kallo, ya ce, “Malam, wanga na yara ne ko na manya? Ba kariya, ba ƙararrawa, taya kamar sillen kara. Mi ake ɗauka da shi?” Na ce ba a ɗaukar komai. Ya ce, “To mi amhwaninsa?” Na juya wajen Abba, na tarar ya riga ya hau saman mota yana naɗe keken da tsohon zanen uwarsa don kada igiya ta kankare masa fenti.

Magama

Rana na fitowa muka iso kan iyaka. Aka sauke mu, kowa ya nuna takardunsa. Wani jami'in kwastan mai fara'a, wanda in ka ji Hausarsa ka san mutumin Filato ne, ya sa aka sauko da keken. Ya tambaya ko na sayarwa ne, muka ce a'a. Ya sa hannu biyu zai ɗaga, keken ya tashi kamar kara, har mutumin ya kusa faɗuwa ta baya. Abokan aikinsa suka yi masa dariya.

Ya ce, “Ku da keke irin wannan, kuka shiga mota? Me ya hana shi hawa?”

Abba ya ce, “Ƙahwa nake adanawa, yallaɓai. Gobe ne tseren.”

“To, in kun dawo ku nemo ni ku faɗa mini ko ya ci. Ina nan har Lahadi.”

Na ce masa ya sha kuruminsa, ci kam an gama. Ban san me ya sa na cika baki haka ba, ni da ban taɓa ganin tseren ko sau ɗaya ba.

Ɗan Isa

A ɓangaren Nijar jandarmomi suka sake duba mu. Muka karya kumallo da shayi da dogon burodin nan nasu mai ɓawo, wanda sai ka tsoma kafin haƙori ya shiga. Na canza naira zuwa sefa. Mai canjin yana lissafi da dala da jaka, yana sauri, na bi shi na bi shi har na gaji, na karɓi abin da ya ba ni na bar wa Allah. Daga nan hanya ta miƙe, gonaki hagu da dama an share ana jiran ruwan shuka. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga Maraɗi.

Maraɗi

Masaukinmu gidan Illa ne, ɗan goggona da aka aurar can tun muna yara, wato taubashina. Malamin Faransanci ne, ɗalibansa na ce masa Mushe Illa. Ni kuwa ban taɓa barin wannan ta wuce ba. Na ce, “Mushe, har yanzu ba a binne ka ba?” Ya ce, “Ina jiran ungulu daga Jibiya, ga shi ta zaka.” Shi zai yi mana tafinta, don Baturen ba ya jin Ingilishi, Faransancin ma tsinta-tsinta yake yi. Illa kuma, kamar ni, bai san komai game da tseren keke ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Bayan sallar Juma'a muka tafi filin wata makaranta inda aka sauki 'yan tseren. Na sha babbar riga da hula, tunda darakta zan gani. A ƙofa na hango wani mai ƙiba cikin kwat yana amsa waya, na je na rusuna na kwashi gaisuwa mai tsawo. Sai da na gama ya ce shi mai kawo abinci ne. Abba ya ja hannun rigata ya nuna mini gindin mangwaro. Wani tsohon Bature ne a tsugune, siriri kamar an shanya shi, da gajeren wando, yana wanke sarƙar keken wani yaro da buroshin goge baki. Ƙafafunsa ba gashi ko ɗaya, ga tabo ko'ina a gwiwa. Wai wannan ne Darakta. Sunansa na yanka ya fi ƙarfin harshena, yaran ma Darakta suke ce masa.

Ya goge hannu a wando ya ba ni, muka zauna a benci. Na ce wa Illa kafin in ba mutum ɗana sai na san ko shi wane ne. Darakta bai ji haushi ba, ya ba da tarihinsa, Illa na juyawa. An haife shi a wani ƙauye cikin duwatsun arewacin ƙasarsu. Ubansa mai gidan burodi ne, shi kuma yake rarraba burodin a keke, hawa da gangara, kafin ya tafi makaranta. Daga nan aka gan shi, ya shiga tseren samari, ya zama tsere ne sana'arsa tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi tsere cikin ƙanƙara, ya yi cikin rana, ya karya ƙashin kafaɗa sau biyu. Da gwiwa ta ce ta gaji, aka ba shi tuƙin motar da ke bin 'yan tsere a baya. Sannu a hankali har aka danƙa masa ƙungiyar gaba ɗaya.

Na ce a tambaye shi, a zamaninsa yaya yake wajen cin kofi? Ya yi murmushi ya ɗaga yatsa ɗaya. Na gyaɗa kai cikin gamsuwa, na ce wa Illa, “Ka gani, shi ne na ɗaya a ƙasarsu.” Illa ya ce da ganinsa ma ka sani. Muka koma gida muka ci shinkafa da wake, hankalina kwance.

Asabar: hanyar Madarunfa

Da sassafe aka jera samari wajen talatin, an raba su rukuni-rukuni. Abba yana cikin 'yan Katsina su biyar, da abokinsa Sabi'u, wani gajere mai cinyoyi kamar turmi. Darakta ya ce in shiga motarsa in gani da idona. Na zauna gaba, Illa a baya tsakanin tayoyi da robobin ruwa. Mutumin nan yana tuƙi da hannu ɗaya, kansa a waje yana ihu da yarensu, ni kuwa ina ta salati.

Ba a yi nisa ba na hango rigar Abba a gaba. Gaban kowa! Ya sunkuyar da kai, sauran sun jeru a bayansa kamar 'yan tsaki. Na daki kafaɗar Darakta na ce, “Nawa ne wancan!” Ya gyaɗa kai kawai. Aka yi tafiya mai tsawo haka, Abba na gaba, Sabi'u manne da tayarsa ta baya bai taɓa leƙowa ba. Har na fara jin tausayin Sabi'u, na ce yaron nan ba shi da ƙarfi.

Can sai na ga Abba ya kauce gefe ya rage gudu. Kowa ya wuce shi. Na ce ko ciwo ya ji. Ya sulalo har jikin motarmu, Darakta ya riƙa miƙa masa robobin ruwa ta taga, shi kuma yana cusawa a aljihu, a ƙirji, a ƙeya, har ya koma kamar mai tallar ruwa a tasha. Na leƙa na ce, “Kai! Mi kake yi nan? An wuce ka!” Bai ko kalle ni ba. Ya taka da ƙarfi ya cim musu, ya bi 'yan rukuninsu ɗaya bayan ɗaya yana raba musu ruwa, sannan ya sake komawa gaba. Na juya na tambayi Illa ko ya gane. Ya ce shi tun da aka tashi idonsa a rufe yake.

A kan hanyar dawowa, ana hango bakin gari, Abba ya sake kaucewa. Wannan karon bai dawo ba. Sabi'u da na raina ya fito daga bayansa ya harba, ya ci tseren. Abba kuwa sai da na gaji da ƙirga masu shigowa sannan ya iso, yana layi, leɓensa ya bushe. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, dariya yake yi. Ya jefar da kansa jikin Sabi'u suna murna, kamar shi aka ba kofin. Na ce a raina yaron nan rana ta taɓa masa kai.

Bayan azahar Darakta ya kira mu gindin mangwaron nan. Ya yi magana, Illa ya washe baki ya ce, “Taubashi, albishirinka. Mutum biyu zai ɗauka, Sabi'u da Abba.” Na ji daɗi, ko da yake ban ga dalilin ɗaukar wanda ya zo kusan ƙarshe ba. Sai na tuna da Hajara. Na ce a tambaya mini wane aiki za a ba shi.

Darakta ya nuna Sabi'u ya faɗi wata kalma, Illa ya ce shi ne mai ƙarasawa. Ya nuna Abba, ya dafa ƙirjinsa cikin alfahari, ya ce, “Domestik.”

Wannan kalma ba na bukatar tafinta a kanta. Duk ɗan Jibiya da ya taɓa tsallaka iyaka ya san ta. Amma na dubi Illa ko kunnena ne. Ya sosa ƙeya ya ce, “Boyi ke nan, taubashi. Ɗan aikin gida.”

Na danne zuciyata na ce a tambaye shi, shi domestik ɗin me yake yi? Darakta ya shiga lissafawa da yatsu, fuskarsa a sake. Illa na bi: “Shi ka ɗauko ma mai gidansa ruwa. Shi ka riƙe mishi abinci. In ana ruwa shi ɗauki rigarsa. In tayar mai gida ta hwashe, shi cire tasa shi ba shi, shi tsaya bakin hanya.” Sannan ya ƙara da cewa, “Wai shi ma kansa domestik ya yi duk rayuwarsa.”

Nan kaina ya gama kwancewa. Mutumin da jiya ya ce shi ne na ɗaya, yau kuma ya ce boyi ne? Boyi ya zama darakta? In kuwa boyi suke nema, me ya kawo tsere a ciki?

Dole in faɗa muku abin da ya sa kalmar ta soke ni. Mahaifinmu ya rasu ina saurayi, ƙanena Kabiru yana firamare. Na tafi Kano na yi boyi a gidan wani Kwara, wato Balarabe, mai sayar da yadi. Wanki, guga, ɗaukar faranti, cin abin da ya rage. Har gemu ya fito mini ana kirana boyi. Da wannan aikin na riƙe Kabiru a makaranta har ya gama, sai daga baya ni ma na lallaɓa kwalejin horon malamai. Yau Kabiru babban mutum ne a Abuja. Ba na kunyar abin da na yi, amma ranar da na bar gidan nan na yi alkawari ɗan da na haifa ba zai ɗauki farantin kowa ba.

Na miƙe na ce, “Ban yarda ba.”

Abba ya ce, “Baba, ba haka ba ne, ka bari in…”

Na ce, “Ruhe mini baki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi.”

Ya biyo ni muka koma gida, don ba yaro ne mai musu ba. Da magariba aka kawo tuwo, ko loma bai kai ba, ni ma juya shi kawai na yi ta yi. Tausayinsa ya kama ni, fushi kuma bai sake ni ba.

Lahadi: bayan garin Maraɗi

Muna haɗa kaya da safe aka yi sallama. Darakta ne a kan keke, shi kaɗai. Ya ce wa Illa magana ta gaza, don haka ba magana ya zo yi ba. Ya nuna tsohon keken Illa da ke jingine a zaure, ya nuna ni. Na ce ni rabona da keke tun kafin in yi aure. Illa ya ce, “Tsoro kake ji, ɗan Najeriya?” Abin da ya sa na hau ke nan. Na naɗe babbar riga a kafaɗa, muka fita bayan gari, Illa ya goyo Abba a babur suna biye.

Iskar bazara ce ke kaɗawa, kuma fuskarmu ta nufo. Darakta ya yi mini alama in wuce gaba. Na taka, na taka, rigata ta cika da iska tana ja na baya. Ban kai ko'ina ba numfashi ya fara sarƙewa, cinyoyi suka ɗau wuta. A Hausa in an ce mutum na shan iska, hutawa yake. Ran nan na sha iska, kuma ban ga hutu a ciki ba.

Ina shirin sauka sai tsohon nan ya zagayo ya shiga gabana. Ya nuna tayarsa ta baya, ya yafuto ni in matso. Na matso ina tsoron karo. Ya sake yafutowa, na ƙara matsowa. Sai na ji iskar ta ɗauke ɗif. Ga itatuwa na rangaji, ga leda na tashi a bakin hanya, amma ni ba ta taɓa ni. Feda ta yi sauƙi har na duba ko sarƙa ce ta zame. Muka yi ta tafiya, gudun ya fi na ɗazu, ni kuwa har ina iya ɗaga kai in kalli gonaki. Na dubi bayansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya kauce kaɗan, iska ta mare ni. Ya dawo, ta ɗauke.

Muka sauka gindin wata bishiyar dogon yaro. Yana haki ya nuna kansa ya ce, “Domestik.”

Yanzu na gane abin da Abba ya yi jiya, na gane dalilin da Sabi'u ya iso da ƙarfinsa. Amma ganewar ba ta sanyaya mini rai ba. Na ce wa Illa, “Tambaye shi, yatsa ɗayan nan na shekaranjiya hwa?”

Darakta ya yi dariya har da tari. Ashe ba na ɗaya yake nufi ba. Sau ɗaya ya taɓa cin tsere a duk shekarunsa. Wani ƙaramin tsere ne, ana tsuga ruwa, mai gidansa ya faɗi ya janye, aka ce to kai je ka. Da ya iso 'yan kallo duk sun fake, mai ɗaukar hoto ma ya tafi. Sauran shekarun kuwa wasu ya kai. Ya ce shi ya sa aka ba shi ƙungiya, don wanda ya saba kallon bayan mutane da gabansu ya san wa ya gaji, wa ke ɓoye ƙarfi.

Na ce, “To wanda ka yi ma wahala, ya tuna da kai?”

Ya ce duk shekara yana aiko masa da galan ɗin man zaitun. Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba, don ni ma duk azumi Kabiru na aiko mini da buhun shinkafa, ta hannun direba. Na faɗa wa Illa ya juya masa, har da zancen Kano, a gaban Abba. Darakta ya daɗe yana kallona.

Na ce, “Tambaya ta ƙarshe, kuma shi hwaɗa mini gaskiya. Ɗana zai riƙa ci?”

Ya girgiza kai. Ya ce masu ci suna da yawa, kowace shekara ana haifar sababbi. Wanda zai iya tare iska yini guda ya kuma yi murna da cin wani, shi ne yake wahalar samu, shi ya kawo shi har Maraɗi. Amma ba zai yi mini ƙarya ba, sunan Abba ba zai cika fitowa ba. Wataƙila sau ɗaya, in da rabo.

Na dubi Abba na ce, “Ka ji. Ka san haka tun can?”

Ya ce, “Na sani, Baba. Ni ba ni da saurin Sabi'u. Amma in ba ni, ba ya kaiwa.”

Darakta ya ce bayan azahar zai kama hanyar Yamai, in bai ji daga gare ni ba zai ɗauki wani. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na yi masa godiya muka rabu, ni da Abba muka nufi tasha.

Magama kuma

Lahadi ce ranar kasuwar Jibiya, motoci ba wuya. Muka wuce Ɗan Isa. Ina ta juya abin a raina. In na yarda, na karya alkawarin da na yi wa kaina. In na ƙi, na karya yaro. Kuma har lokacin ban iya cewa ga sunan aikin nan da Hausa ba. Boyi ba boyi ba, gwani ba gwani ba.

Rana ta kusa take tsaka muka iso Magama. Ina fatan kada mu haɗu da mutumin Filato, sai ga shi ya hango keke a saman mota, ya taho yana washe baki.

“Yaya, ya ci?”

Na ce, “Bai ci ba.”

“Na nawa ya zo?”

Na ce can baya. Ya dafa Abba ya ce, “Ayya, ba komai. Ka koma ka nemi sana'a, ba kowa ne Allah ya yi wa gudu ba.”

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma sai na ji raina ya ɓaci. Na ce, “Yallaɓai, ba ka gane ba. Wanda ya ci, wa kake tsammani ya kai shi? Wanga yaron ne ya tare iska tun daga Maraɗi har Madarunfa har dawowa. Shi ya koma baya ya ɗauko musu ruwa, ya sake cim musu. Wancan yana laɓe bayansa yana hutawa. Cikin talatin, mutum biyu Bature ya zaɓa, kuma…”

Na tsaya, don na ga fasinjoji sun zagaye mu, na kuma ji abin da bakina ke faɗa. Jami'in ya ce, “To in haka ne, Malam, ai sai murna. Yaushe zai tafi?”

Abba yana gefe, kansa a ƙasa. Na ciro waya. Layin Najeriya ya dawo, amma kiran Illa ya ƙi shiga. Na sake, ya ƙi. Na hau kan wani tudun ƙasa ina ɗaga waya sama, da babbar rigata da komai, ga ladan ya fara gyaran murya zai kira azahar a masallacin bakin iyaka. Wani ɗan canji ya ga halin da nake ciki ya miƙo mini tasa mai layin Nijar. Ta shiga.

Na ce, “Mushe, yana nan?”

“Shina ɗaure kaya bisa mota.”

“Ruga ka ce mishi na yarda. Ka ce domestik ɗin Jibiya ya ba shi ɗansa.”

Da na sauko na sa hannu a kan Abba na yi masa addu'a, a nan bakin hanya, tsakanin buhunan gero. Muka shafa, muka koma mota.

Gida

Kafin la'asar muka shiga Jibiya, kasuwa ta cika ta batse. Hajara na tankaɗe a tsakar gida. Ta bari muka sha ruwa, Abba ya shige da kekensa, sannan ta ce, “To, Malam, an ɗauke shi?”

Na ce an ɗauke shi.

“Wane aiki? Ko ba ka gane ba?”

Na shiga neman kalma. Har yau da nake rubuta wannan ban same ta ba. Na ce, “Zai shiga gaba shi sha wahala, wani shi ci.”

Ta ajiye rariya ta dube ni. Ita ta san Kano, ta san buhun shinkafa. Ta ce, “Ashe gado ya yi.” Ta share ido da gefen zane ta ci gaba da tankaɗe.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa taubashina Illa da ya ba mu masauki, ko da yake fassararsa ta kusa jawo mana asara. Na gode wa mutumin Filato, da ɗan canjin da ban ko tambayi sunansa ba. Sai tsohon nan na Sifaniya, Allah ya saka masa. Na haura shekara hamsin a duniya, kuma shi ne mutum na farko da ya taɓa shiga gabana ya tare mini iska.